Yadda Bleomycin Ke Yanke DNA

Tambaya: Malam, an ce maganin ciwon daji bleomycin ba ya aiki sai da ƙarfe. Yaya abin yake? Daga wata ɗalibar harhaɗa magunguna.

Amsa: Haka ne, ɗiyata. Shi kaɗai ba ya yanke komai. Sai ya riƙe sinadarin ƙarfe, Fe(II), iskar oksijin ta haɗu da su. Haɗin nan ne ke lafewa kusa da guanin, ɗaya daga cikin tubalan da suka gina DNA, ya zare haidirojin daga kabon na 4 na sukarin DNA da ke biye da guanin ɗin, igiyar DNA ta tsinke.

A ɗakin gwaji, ki duba ruwan da kike gwajin a ciki: in akwai EDTA, wani sinadari mai kama ƙarfe, zai ƙwace ƙarfen, yankan ya tsaya.

Huhu ba shi da isasshen enzayim mai lalata maganin, don haka maganin na iya yi wa huhu lahani, shi ya sa likitoci ke gudun jimillar da ake ba majiyyaci ta wuce yunit 400.