Amsoshin Tambayoyinku: Ma'aikatana Sun Maƙale a Wajen Rajista

Wata mai karatu ta rubuto tana cewa: "Malam, ni ce shugabar wani ƙaramin ofishi mai ma'aikata 14. Na zaɓi wata manhajar aikin haɗin gwiwa domin mu daina warwatsa aiki tsakanin imel da kiran waya, kuma rajistata ba ta ɗauke ni minti biyar ba. Na tura wa kowa gayyata, amma bayan mako biyu mutum shida kawai suka shiga. Wani ya ce lambar tabbatarwa ba ta iso masa ba, wata ta ce ta shiga amma ta tarar da zauren aiki, wato wurin haɗuwarmu a cikin manhajar, babu kowa, wani kuma ya ce an nemi lambar wayarsa ya ƙi bayarwa. In tilasta musu ne, ko in nemi wata manhajar kafin in biya kuɗin shekara?"

Malama, kada ki biya kuɗin shekara tukuna, kada kuma ki tilasta wa kowa. Abin da ya kamata ki fara lura da shi shi ne, ƙofar da kika bi daban take da wadda ma'aikatanki suka bi. Ke kin shiga ne a matsayin mai buɗe zauren aiki, wato wadda ake sa ran za ta biya kuɗi, kuma wannan hanyar ita ce kamfanoni suka fi gyarawa da sharewa. Su kuwa sun shigo ta hanyar gayyata, wadda ta ratsa ta akwatin imel, ta burauza, wani lokaci har ta manhajar waya, kuma a kowace mahaɗa mutum yana iya ɓata. Saboda haka sauƙin da kika samu bai isa ya zama ma'auni ba. Ƙorafin mutum takwas ɗin nan shi ne ainihin gwajin da kika yi wa manhajar, kuma kin same shi ba tare da kin biya ko sisi ba.

Bari in fara da wadda ta tarar da zaure babu kowa, domin nata ya fi sauƙin warwarewa. Alamu sun nuna cewa ba ta bi mahaɗin da ke cikin saƙon gayyata ba, ta je shafin kamfanin da kanta ta danna wurin buɗe sabon asusu, ta haka ta gina wa kanta sabon zaure wanda ita kaɗai ce a ciki. Ko kuma ta yi rajista da imel ɗinta na kanta alhali an tura gayyatar zuwa na ofis, sai manhajar ta ɗauke ta a matsayin baƙuwa. Ba laifinta ba ne. Manhajar da aka tsara da kyau kan duba adireshin imel ta ce wa mutum akwai gayyata tana jiransa, ko kuma abokan aikinsa sun riga sun buɗe zaure, kafin ta bar shi ya buɗe wani.

Maganar lambar tabbatarwa kuwa na taɓa ganinta da idona. Na zauna kusa da wani abokin aikina, dattijo mai natsuwa wanda ba ya wasa da aiki, yana ƙoƙarin shiga wata manhaja irin wannan. Lambar ba ta zo ba, sai ya danna "sake turawa" har sau uku. Can sai muka gano saƙonnin duka a akwatin saƙonnin da ba a so. Ya buɗe na farko ya kwafi lambar a takarda da biro, ya shigar da ita a hankali, manhajar ta ce ba daidai ba ce, ba ta kuma faɗi dalili ba. Dalilin shi ne kowace sabuwar lamba tana kashe wadda ta gabace ta, ta ƙarshen ce kaɗai mai rai, ita ma tana da ɗan wa'adin da za ta mutu. Ya tura kwamfutar gefe ya ce shi wannan abu ba nasa ba ne. Da manhajar ta rubuta masa jimla ɗaya cewa ya yi amfani da saƙo na ƙarshe, da ya shiga tun a karon farko. Tun ranar na daina yarda da maganar cewa ma'aikata ba sa son sabon abu, domin da yawansu sun gwada, an mayar da su ba tare da bayani ba, kunya ta hana su sake tambaya.

Wanda ya ƙi ba da lambar wayarsa yana da hujja, kuma ina roƙon ki girmama ta. Wayarsa tasa ce, ba ta ofis ba. Ki duba ko bayar da lambar dole ne ko ana iya tsallakewa, sannan ki duba dalilin neman ta. Idan don ƙarin tsaro ne, wato tabbatarwa mai mataki biyu, inda ake neman wata lamba bayan kalmar sirri, manhajoji da yawa suna karɓar manhajar samar da lambobi irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator a madadin saƙon waya. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ɗora wa kamfanoni ƙa'idar kada su tara bayanan da suka wuce buƙatar aikin da aka tara su dominsa, kuma ko ba a Turai mutum yake ba, wannan ma'auni ne mai kyau da zai auna kowace takardar rajista da shi.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi. Ki zaɓi uku daga cikin takwas ɗin, ki sake tura musu gayyata, ki zauna kusa da kowannensu yana rajista, hannunki a cinya, kada ki taɓa masa komai. Ki rubuta inda ya tsaya da abin da allon ya ce masa. Idan matsalar ta rashin bayani ce, ki rubuta gajeren saƙo ga sauran ki ce su bi mahaɗin gayyata, su yi amfani da imel na ofis, su leƙa akwatin saƙonnin da ba a so. Idan kuwa kin ga aibi ne a manhajar kanta, ki rubuta wa sashen taimakon kamfanin, ki ƙirga kwanakin da za su ɗauka kafin su amsa, ki kuma duba ko mutum ne ya karanta ko amsar da aka riga aka shirya aka liƙo miki. Kamfanin da bai kula da ke ba a lokacin da yake neman kuɗinki, ba na tsammanin zai kula bayan ya karɓa. Idan sun amsa da kyau kuma mutanenki sun shiga, ki fara da biyan wata-wata. Yawancin waɗannan manhajoji kan caji kuɗi bisa adadin mutane, don haka biyan shekara na mutum 14 alhali shida ke aiki asara ce a fili. Slack, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, tana da tsarin mayar da rarar kuɗi cikin asusu idan wani ya daina amfani, amma ba kowane kamfani ke yin haka ba, sai ki karanta sharuɗɗan wanda kika zaɓa.

Wani mai karatu kuma ya ce: "Manhajar da nake son gwadawa ta ce kwana 14 kyauta ne, amma ba ta bari in ƙarasa rajista sai na saka katin banki. Wannan ba damfara ba ce?"

Malam, neman kati shi kaɗai ba damfara ba ne, kamfanoni na gaskiya da yawa suna yi. Amma ka sani cewa ma'anarsa ita ce ranar da kwanakin suka cika za a cire kuɗi sai dai idan kai ka soke, wato mantuwarka riba ce a wajensu. Kafin ka saka katin, ka nemo inda ake sokewa ka tabbata da hannunka za ka iya, ba sai ka tura wasiƙa ka jira ba. Ka duba kuma abin da aka riga aka zaɓa maka a shafin biya, domin sau da yawa za ka tarar an ɗora ka a kan biyan shekara. Idan hankalinka bai kwanta ba, akwai waɗanda ake gwadawa ba kati, kowanne da iyakarsa. Tsarin kyauta na Slack, tun daga Satumba 2022, saƙonnin kwana 90 na baya kawai yake nunawa, na Trello kuma, wata manhajar tsara ayyuka, allunan jera ayyuka goma yake ba kowane zauren aiki. Waɗannan iyakokin sun ishi ƙaramar tawaga ta gane ko manhajar ta dace da ita.

Tambaya ta uku ta fito daga wani matashi da maigidansa ya ɗora wa buɗe zauren aiki: "In danna maɓallin shiga da Google, ko in ƙirƙiri sabuwar kalmar sirri? Kuma ba komai in na yi amfani da imel ɗina tunda ni zan kula da shi?"

Ɗan'uwa, rabin tambayarka na biyu ya fi na farkon nauyi, kuma amsarsa ita ce a'a. A yawancin manhajojin nan wanda ya buɗe zaure shi ne mamallakinsa, a hannunsa biyan kuɗi yake, shi ke iya cire mutane, shi ke iya rushe zauren gaba ɗaya. Idan ka buɗe da imel ɗinka na kanka, ran da ka bar aikin ko ka rasa asusun, takardun ofis da hirarraki na shekaru suna kulle a bayan ƙofar da babu mai mabuɗinta, kuma karɓo mallaka daga kamfanin manhaja aiki ne mai jan lokaci da neman shaidu. Wannan nauyi ne da bai kamata ka ɗauka ba, ko da kuwa kai amintacce ne. Ka nemi maigidanka ya buɗe da adireshin ofis, ya naɗa ka mai kula, sannan a naɗa mutum na biyu tun ranar farko.

Game da maɓallin, idan ofishinku yana amfani da asusun aiki na Google ko Microsoft, shiga da shi ya fi, domin ya rage kalmomin sirri da za a manta, kuma idan an tsara shi daidai, rufe asusun ma'aikacin da ya tafi yana rufe masa hanyar shiga manhajar. Ka dai karanta izinin da take nema kafin ka amince. Sunanka da adireshin imel sun isa rajista, idan kuma ta nemi ganin jerin abokan hulɗarka ko takardunka, ka tsaya ka tambayi dalili. Idan kalmar sirri za ku yi, ku fifita tsawo a kan cakuɗa alamomi. Hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, NIST, a jagorarta ta 2017, ta shawarci masu manhajoji su daina tilasta haɗa manyan haruffa da alamomi, su daina tilasta sauya kalmar sirri lokaci-lokaci ba dalili, su kuma bar mutane su yi amfani da doguwar jimla. Idan ka ga shafin rajista ya hana ka kalmar sirri mai tsawo, ko ya hana liƙo ta daga manhajar adana kalmomin sirri, ka rubuta wa kamfanin ka faɗi na'urar da kake amfani da ita, matakin da ka tsaya, da ainihin abin da allon ya rubuta, ka haɗa da hotonsa, sannan ka ajiye kwafin saƙon ka nuna wa maigidanka kafin ya yanke shawarar biya.