Tambayi Likita: Mugunya a Tsokar Ƙugu Ga Mai Ciwon Dajin Hanji

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana fama da ciwon dajin babban hanji, ana yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, a asibitin Shika. Kwanakin nan ya fara ɗingishi, ba ya iya miƙe ƙafar dama, ga zazzaɓi da daddare. Hoton CT ya nuna mugunya ta taru a wata tsoka, likitoci sun ce sai an zuƙe ta, amma dangi sun ce idan ƙarfe ya taɓa ciwon daji bazuwa yake yi. Mene ne shawararka? Daga wata mai karatu, Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Tsokar da ake magana, wadda likitoci ke kira sowas, ta taso daga ƙashin baya na wajen ƙugu, ta ratsa ƙasan ciki, ta manne a saman ƙashin cinya, kuma ita ce ke ɗaga cinya idan mutum zai taka. Babban hanji yana kwance dab da ita, saboda haka idan ciwon daji ya ci bangon hanjin ta baya har ya huda shi, ƙwayoyin cutar da ke cikin bayan gida, irin su E. coli, sukan tsiyaya cikin tsokar su tara mugunya. Shi ya sa za ki ga Baba ya kwanta ya naɗe ƙafar, da an ja ta kuwa sai ya yi ƙara.

Tun 1881 wani likitan tiyata mai suna Herman Mynter ya bayyana wannan ciwo, amma har yau yana wuyar ganewa, domin zazzaɓi da ciwon baya da ɗingishi ba kasafai suke haɗuwa ga mutum guda ba, a nan kuma sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin sanyin ƙashi.

Tsoron da dangi ke yi bai kai ya hana zuƙe mugunyar ba, jinkirin ne ya fi damuna. Kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, don haka mugunyar da aka bari tana iya zama guba a jini cikin ɗan lokaci. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya ratsa mugunya mai yawa. Abin da ake yi shi ne a zura siririyar roba ta fata, ana duba hoto, a bar ta tana tsiyayarwa cikin leda na wasu kwanaki, ana kuma ba da magani ta jijiya. Galibi akan dakatar da kemo har ciwon ya lafa, daga baya likitocin tiyata su duba yiwuwar yanke ɓangaren hanjin da ya huje, domin muddin hudar tana nan mugunyar za ta dawo.

Ki roƙi a gwada mugunyar, har da gwajin tarin fuka, tunda a ƙasarmu tarin fuka na ƙashin baya yana haddasa irin wannan. Kada a yarda a yi masa sakiya ko ƙaho a gida. Idan ya fara rawar ɗari ko rikicewar tunani, a kai shi sashen gaggawa na asibitin Barau Dikko ko Shika nan take, ko da tsakar dare ne.