Shingen yara ga wuri mai faɗi: wanne zan saya, a ina zan samu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a gidan haya a Agege. Ɗana wata tara ke gare shi, yana rarrafe har ya fara dafa abu yana miƙewa. Tsakanin falonmu da kicin babu ƙofa, a buɗe wurin yake, faɗinsa santimita 170. Duk shingen yara da na gani a kasuwar Balogun bai kai mita ɗaya ba. Wani mai shago ya ce in sayi irin na matsewa in haɗa masa ƙari guda uku, ba sai na huda bango ba. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Shawarata kada ki saya. Wuri mai faɗi irin naki shingen da ake ɗaurewa a bango da sukuru yake so, musamman da yake tukunyar gas da ruwan zafi ne a bayansa.

Shingen matsewa ba abin da ke riƙe shi sai ƙarfin tokarewa. Noti huɗu ne masu kan roba, biyu kowane gefe, ana murɗa su har su danne bango. An ƙera yawancinsu ne don ƙofar ɗaki, wato faɗin santimita 75 zuwa 82, sai a sayar da ƙari daban, na santimita 7 ko 14 ko 28. Ƙari ɗaya ba laifi. Amma kowane ƙari gaɓa ce, kuma ta gaɓa ƙarfe yake lanƙwasa. Yaron da ya fara miƙewa ba taɓa shinge yake yi ba, kama sanduna yake yi da hannu biyu ya jijjiga da dukkan jikinsa, gaba da baya, yana dariya. Tsakiyar ta bayar, robar gefe ta zame kaɗan, gobe ta ƙara zamewa. Bangon gidajenmu na Legas kuwa sau da yawa fenti mai sulɓi ne ko tayil, ga laimar damina, roba ba ta kama su da kyau. Ranar da zai faɗi, da yaron zai faɗi cikin kicin. Kowane kamfani yana rubuta iyakar faɗin da shingensa zai ɗauka a jikin kwali, kuma wannan lambar ita ce abin bi, ko me mai shago ya ce.

Kafin ki nemi komai, ki sake awo a wuri uku: ƙasa daf da tayil, tsakiya, da tsayin santimita 75. Tayil ɗin da ake jerawa a gindin bango yakan sa ƙasa ta fi sama matsewa, kuma ba kowane bango ne a miƙe yake ba. Mutane da yawa a nan suke asarar kuɗinsu.

Wanda ya fi dacewa da ke a cikin na kanti shi ne mai ɓangarori, wanda ake haɗa fallaye uku ko fiye, ɗaya daga ciki ita ce 'yar ƙofar wucewa, a ɗaure bakin farko da na ƙarshe a bango. Kamfanonin BabyDan da Regalo suna yin irinsa, na Regalo akwai mai kai kusan mita biyar. Ki duba Jumia da Konga da Jiji da waɗannan sunaye, ko shagunan kayan jarirai na cikin Eko. Ki nemi alamar EN 1930, ma'aunin Turai, ko ASTM F1004, na Amurka. Akwai kuma mai raga da ake ja kamar labule, sai dai yawancinsa a santimita 140 yake tsayawa, kuma in ya yi faɗi ƙasansa yana saki, yaro ya cusa kai ya bi ta nan.

In na hannu za ki saya, ki tabbatar maƙalan bangon duk suna nan kuma makullin yana kamawa. Tsohon samfurin nan mai naɗewa, wanda katakonsa suka gitta juna suka bar manyan ramuka, ki bar shi ko kyauta aka ba ki. Wuyan yara ya sha maƙalewa a cikinsa, shi ya sa aka daina yin wannan tsohon ƙirar a Amurka tun 1985.

Ni dai a faɗi irin naki na fi natsuwa da aikin mai walda ko kafinta, muddin ke ce za ki ba shi awo, ba a bar shi da ra'ayinsa ba. Ki ce ya yi ɓangare biyu kafaffu a gefe, ƙofa ta santimita 70 zuwa 80 a tsakiya. Tsayi kada ya gaza santimita 75. Sanduna duk a tsaye, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 6, haka ma tsakanin shingen da ƙasa, haka tsakaninsa da bango. Wannan awon shi ne ran aikin: jikin jariri yana wucewa ta inda kansa ba zai wuce ba, sai ya rataye. Kada a sa sanda a kwance a tsakiya, tsani kika yi masa. Masu walda sun saba da adon ƙarfen taga, lanƙwashe-lanƙwashe da tsini a sama, ki faɗa masa tun farko ba kya so, saman ya zama sumul. Ƙarfen da zai haɗa ɓangarorin ta ƙasa ya zama shimfiɗaɗɗe manne da tayil, don mai fitowa da tukunya a hannu kada ta yi tuntuɓe. Sakata a saka ta ta ɓangaren kicin. Idan ya kawo, ki bi kowace mahaɗa da tafin hannunki, inda ya karce ki a mayar a goge. A shafa maganin tsatsa kafin fenti, iskar Legas ba ta raga wa ƙarfe, kuma fentin ya zama marar dalma, domin sandar nan sai ta shiga bakinsa lokacin haƙori.

Saura batun mai gidan hayar. Na san shi ne ya sa maganar mai shago ta yi miki daɗi. Rami huɗu zuwa shida ne, kowanne bai fi kaurin fensir ba, ana cikewa a shafe da fenti ranar tashi. Ki sa maigidanki ya yi masa magana tun kafin a taɓa bangon, a nuna masa inda za a huda. Bulo yana da rami a ciki, don haka mai aikin ya sa fisha mai kyau, wato robar da ake cusawa cikin ramin bango don ta riƙe sukuru, da dogon sukuru. In an gama ki kama shingen ki jijjiga da ƙarfinki, in ya motsa a gyara a take.

Kafin a gama aikin, kada a tare wurin da kujera ko bokiti, hawa zai yi. In za ki ɗora girki ki goya shi ko ki ba wani ya riƙe a falo. Waɗannan shingaye an yi su ne don yara 'yan wata 6 zuwa 24. Da zarar kin ga ya fara ɗora ƙafa yana neman haurawa, ko ya gane buɗe sakatar, shingen ya gama aikinsa, sai a cire a sa wa kicin ɗin cikakkiyar ƙofa.