Wace waya ce ta fi nuna hanya da murya?

Tambaya: Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kano da Abuja. Android zan saya ko iPhone, don in riƙa tambayar hanya da baki?

Amsa: Malam, ni dai Android zan ce maka. Ka ce "Hey Google", ka faɗi inda za ka, Google Maps ta buɗe, hannunka na kan sitiyari. Tun 2019 ma akwai muryar Turancin Najeriya a ciki. A iPhone kuwa, Siri, manhajar da ke amsa umarnin murya, takan kai ka Apple Maps ne, sai ka ambaci Google Maps da sunanta. Siri ba ta jin Hausa, sunayen unguwanninmu kuma sukan rikita Siri da Google duka biyun. Ka sauke taswirar hanyarka tun kana gida, don sabis yakan ɗauke a daji.