Me ya hana a yi wa gidan yaƙin Keta filastar siminti?

Ka ce tunda teku ke cin ginin nan, me zai hana a lulluɓe shi da siminti mai ƙarfi kowa ya huta. To yaro, ajiye cokalin ginin nan ka saurara, don ciwo biyu ke damun wannan gini, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne tekun kansa, wannan kuwa ya fi ƙarfin magini. Turawan Denmak ne suka gina wannan gidan yaƙi mai suna Prinzenstein a garin Keta, cikin ƙasar Gana ta yau, a 1784, bayan sun ci mutanen Anlo, mazauna yankin, da yaƙi. Keta zirin yashi ce tsakanin teku da tafki, dutsen gini ma sai daga Akra aka kawo. A 1850 suka sayar wa Ingila da shi tare da sauran gidajensu na wannan gaɓa, daga baya aka mai da shi kurkuku. Da aka gama madatsar Akosombo a kan kogin Volta a 1965, yashin da kogin ke turo wa gaɓar ya ragu, ruwa ya yi ta matsowa, har a 1980 ya kwashe ɓangaren da ke fuskantar teku. Ko tirela goma ta siminti ka zuba, in ruwa ya rarake ƙarƙashin harsashi, bango da simintin tare za su tafi. Manyan duwatsun da aka jera cikin ruwa a farkon shekarun 2000, su ke tare wannan.

Na biyu, wanda yake namu magina, shi ne gishiri. Iskar teku na watsa shi a jikin bango dare da rana, ƙasa ma tana turo danshi daga gindi. Magina na wancan zamani da farar ƙasa suka yi kwaɓi, wadda ake samu in an ƙona kwanson kawa. Ita tana barin danshi ya fita, gishirin ya taru a jikinta ya cinye ta a hankali, dutsen ya tsira. In ta lalace a kankare a sake. Siminti kuwa toshe hanya yake yi. Danshi ya rasa mafita ya maƙale a ciki, gishiri ya daskare a bayan filastar ya riƙa nika dutsen. Ka taɓa ganin katangar ƙasa da aka yi wa filastar siminti, bayan damina kaɗan ta ɓanɓaro da rabin bangon a bayanta? Haka yake a nan. Ƙwanƙwasa irin wannan faci da ƙotar cokali, za ka ji yana amsawa fayau, ciki ya zama gari. In har da rodi aka sa, tsatsa ta kumbura shi ya tsaga bangon.

Aikin farar ƙasa ba ya son gaggawa, shi ya sa 'yan kwangila ba sa ƙaunarsa. In ka zuba ƙonanniyar cikin ruwa tafasa take yi, ka kare idonka da hannunka. A bar ta a rami makonni, a tace, sannan a kwaɓa kwano ɗaya da yashi kamar kwano uku. Kada ka kuskura ka ɗebi yashin bakin teku, ko da yana gabanka kyauta. Gishirin da muke korewa shi za ka mayar. Tsohon kwaɓin da ya ruɓe a tsakanin duwatsu da hannu ake ƙwaƙule shi, ban da injin yanka. Ka jiƙa wurin, ka cusa sabo kaɗan-kaɗan, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta busar da shi kafin ya kama.

Sai kuma ka san ba kowane bango ake gyarawa ya yi sumul ba. A ɗakunan ƙasan nan aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi, kuma tun 1979 ginin ke cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, tare da sauran irinsa na Gana. Hukumar kula da gidajen tarihi ce ke da ikon cewa a taɓa ko a bari. Duk dutsen da za ka cire, ka ɗauki hotonsa a mazauninsa, ka sa masa lamba da alli, ka mayar da shi da fuskar da yake kallo.