Amsa: Ƙaurin kuloci a mota mai giyar atomatik

Malam, ka ce ka koma tuƙa kan tirela mai giyar atomatik, amma kana jin ƙaurin kuloci in ka tsaya a hawa, kuma da safe giya ba ta shiga da wuri.

Giyar atomatik ta manyan motoci, irin su I-Shift na Volvo, ba irin atomatik ɗin ƙananan motoci ba ce. Giyar hannu ce mai mataki 12, da kulocinta, kwamfuta ce kawai ke taka shi da ƙarfin iska. Shi ya sa da safe sai tankin iska ya cika kafin ta amsa. Ka ɗan jira allurar agogon iska ta hau.

Ƙaurin kuwa, ina zargin kana riƙe motar da totur a hawa. Nan kuloci ke goguwa yana cin wuta. Taka birki sosai, ko ka kunna maɓallin riƙe tudu, sai za ka tashi ka ba ta wuta. A cunkoso ma bar tazara, kada ka riƙa jan ciki kaɗan-kaɗan da kaya a baya.

A gangara koma zaɓar giya da hannunka, ka haɗa da birkin inji. Kuma kada ka sa ribas sai ta tsaya cak.