Hukuncin rubuta labarin yaro mai sihiri, da kwafo ɗalasimai daga littafin tsafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Shekarata 16, ina rubuta labari a waya. Jarumin yaro ne ɗan shekara 14, da rana yana makaranta, da dare yana koyon sihiri wurin wani tsoho, iyayensa ba su sani ba. Na kai babi na 11. Yayana ya ce kafirci nake rubutawa. Don labarin ya yi kama da gaske na sauko da wani tsohon littafin sihiri na Larabci daga intanet, ina kwafo sunaye da hatimai. Sau ɗaya na karanta wani a fili don in ji yadda zai fito a bakin jarumin. An ce min akwai malaman da suka halatta koyon sihiri in ba za a yi aiki da shi ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka kawo zancen littafin da bakinka, don da ka ɓoye shi da amsar ta zama layi uku. Ƙirƙirar labarin da kowa ya san ƙirƙira ce ba ƙarya ba ce, malamai sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri, littafin ƙirƙirarrun labarai na Larabci. Saka mai sihiri cikin labari ma ba kafirci ba ne. Yayanka ya tsananta a lafazi, amma tsoron da ya ji maka yana kan hanya, kada ka raina shi.

Abin da ya sauya hukuncin shi ne kwafowa. Ƙarfin da marubuci ya ƙago daga kansa, yaro ya tashi sama ko ya ɓace, ba tare da kiran wani ko bauta wa wani ba, wannan tatsuniya ce, ba shi ne sihirin da shari'a take magana a kai ba. Abin da ke cikin littafin da ka sauko da shi kuwa an rubuta shi ne don a aikata. Alamominsa a fili suke: sunayen da ba a san ma'anarsu ba ana rantsuwa da su ko ana kiransu, gidajen lissafi haɗe da sunayen aljanu, ɗaure aiki da sa'ar wani tauraro, turare na musamman, yanka dabba mai launi kaza ba da sunan Allah ba, rubuta aya a juye. Duk babin da ka zuba irin wannan a ciki ya tashi daga labari ya koma darasi, kai kuma ka zama mai koyarwa ga duk yaron da ya karanta ya gwada. Wannan haramun ne, karanta shi don ɗauka da yaɗa shi duka.

Maganar da aka faɗa maka tana da asali, shi ya sa zan tsaya a kanta. Fakhruddin ar-Razi, wanda ya rasu a shekara ta 606 bayan Hijira, ya faɗa a tafsirin aya ta 102 ta Suratul Baƙara cewa sanin sihiri ba abin ƙi ba ne kuma ba haramun ba ne. Hujjarsa biyu: ilimi a kan kansa abu ne mai daraja, kuma in ba a san sihiri ba ba za a bambance shi da mu'ujiza ba, har ya kai ga cewa saninsa wajibi ne. Ibn Kasir ya kawo wannan magana a tafsirinsa ya warware ta. Ayoyin da suka yabi masu ilimi suna magana ne a kan ilimin da ke amfani, ita kuma wannan ayar da kanta ta ce suna koyon abin da ke cutar da su kuma ba ya amfanarsu. Lura da kalmar: koyo aka ambata. Haka Haruta da Maruta, mala'iku biyun da ayar ta ambata, wanda ya zo neman koyo suke ce wa "kada ka kafirta", tun bai aikata komai ba. Batun mu'ujiza kuwa, Sahabbai sun gane Alƙur'ani mu'ujiza ne ba tare da ko ɗayansu ya zauna gaban masihirci ba. In wajibi ne, yaya aka yi suka bar shi gaba ɗaya?

Wasu sukan ce ai masihirtan Fir'auna saninsu da sihiri ne ya sa suka gane gaskiyar Annabi Musa. Su da kansu sun amsa wannan. A aya ta 73 ta Suratu Ɗaha, bayan sun yi imani, gafara suka nema a kan sihirin, ba su lissafa shi cikin ni'ima ba. Zancen da ake yawo da shi wai hadisi ne, "ku koyi sihiri amma kada ku yi aiki da shi", ba shi da asali, kada ka jingina shi ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam.

Don adalci, Ibn Hajar ya ambata a Fat'hul Bari cewa wasu sun yi rangwame a sanin yadda abin yake don a tantance wanda ke ɗauke da kafirci, kamar yadda mutum kan san yadda masu gumaka ke bauta ba tare da ya bauta ba. Wannan buƙatar alƙali ce da mai fatawa, wanda aka kawo wa takarda aka ce ya duba. Kai ado kake nema wa babi. Kuma sihiri ba a koyonsa kamar tarihi: littattafansa umarni ne, karanta kaza sau kaza, a lokaci kaza, mai karatu yana zamewa daga dubawa zuwa gwadawa bai ankara ba. Ga shi kai ma daga kwafowa ka kai ga furtawa.

Furucin nan bai fitar da kai daga Musulunci ba, tunda ba ka yi shi da nufin kiran kowa ba kuma ba ka yarda da shi ba. Amma kuskure ne ka furta abin da ba ka san ma'anarsa ba. Ko ruƙiyya sai da Annabi ya ce a bijiro masa da ita ya ji babu shirka a ciki, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Aufu ɗan Malik. Ka yi istigfari, ka ƙudurce ba za ka koma ba, shi ke nan. Kada ka bari waswasi ya kama ka har ka fara danganta kowane mummunan mafarki ko ciwon kai da wannan karatu, domin tsoron kan fi abin da ake tsoro ɓarna. Kuma kada ka ce ai ni yaro ne. A wurin Shafi'i da Ahmad cika shekara 15 balaga ce. Malikiyya sun kai ta 18, amma wannan ga wanda babu wata alama da ta bayyana gare shi ne. In ka taɓa mafarkin balaga, alƙalami ya fara rubutu a kanka bisa kowace mazhaba.

Ka goge littafin sihirin daga wayar, da inda wayar ke ajiye kwafi a intanet, da duk wanda ka tura wa ka ce ya goge. In ka buga wasu shafuka a takarda, ƙona su, kada ka jefa a shara, don sukan cakuɗa ayoyi da sunayen Allah a ciki. Sannan ka bi babi 11 ɗin ɗaya bayan ɗaya ka cire duk suna, hatimi da tsarin aiki da ka kwafo, har da waɗanda ka riga ka saki. Sauya harafi ɗaya ko biyu bai wadatar ba, cirewa za ka yi. Labarin ba zai rasa komai ba: ka rubuta cewa tsohon ya yi ta gunaguni, ka nuna rawar da hannun yaron ke yi, mai karatu zai ji tsoron da kake so ya ji. Ka lazimci Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku safe da yamma, da Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya.

Saura jarumin naka. In Musulmi ne, yana koyon sihiri irin na gaske, yana sallah, labarin kuma ya nuna duka biyun suna tafiya lafiya har ya yi nasara da sihirin, to ka ƙawata ɓarna ko da babu ɗalasimi ko ɗaya. Ko dai ka mayar da ƙarfinsa ƙirƙirarre tsantsa, ko ka bar sihirin a matsayinsa ka nuna abin da yake ci: sallar da ke zamewa, ƙaryar da ke ƙaruwa tsakaninsa da mahaifiyarsa, buƙatun tsohon da ke girma daga ƙarami zuwa abin da ba ya faɗuwa. Yaron zai cika 15, shekarun balaga, a tsakiyar labarin, ga ka da tsanin labari a hannu.

Ka buɗe Sahihu Muslim wajen ƙarshensa ka karanta hadisin Suhaibu a kan yaro da masihirci da rahibi, wato mai ibada da ya keɓe kansa. Masihircin sarki ya tsufa, ya nemi a ba shi yaro ya koyar. Yaron kan tsaya wurin rahibi a hanya, in ya makara masihirci ya doke shi, yana kuma tsoron mutanen gida. Ran da wata dabba ta tare wa mutane hanya ya ɗauki dutse ya ce yau zai san wanda ya fi tsakanin su biyun. Yaron da ke tsakanin malamai biyu da gida, shi kake ƙoƙarin rubutawa, ka duba yadda aka gina shi a can.

Na lura kuma jaruminka da dare yake fita, ina zaton kai ma da dare kake rubutu. Ka sa wa kanka lokacin ajiye waya wanda ba zai ci maka Asuba da karatun makaranta ba. In ka gama gyaran, yayanka za ka fara ba wa ya karanta kafin kowa.

Allah ne mafi sani.